Allon Teku a Bakin Gulbi

Ɗan duwan na Ɗan Isa ya zagaya shi sau biyu,
ya ƙwanƙwasa shi da makullin babur.
"Ƙyaure ne ko makara?"
Na ce abin hawa ne.
Ya duƙa ya nemi ƙafafu, bai gani ba.
Ya karɓi jikka guda, ya ce in wuce da haukata.

Tun ranar yake kwance a tsakar gidanmu a Mokoyo,
bisa turmi biyu,
Inna Habsu na shanya kuɓewa a kansa.
Ta ce ba ta taɓa samun faifai mai santsinsa ba.

Shekara huɗu na yi a tsibirin
ina gyara wa masunta firji.
Wani tsoho mai sayar da kwakwa,
ba na jin yarensa, ba ya jin nawa,
shi ya nuna mini da leɓe
inda ruwa ke tsugunawa kafin ya miƙe.

Can ƙasan ruwan ba yashi ba ne, Inna.
Murjani ne.
Ba irin wanda ke barci a adakarki ba,
wannan mai rai ne, mai haƙora,
kamu uku kacal daga tafin ƙafa.
Raƙumin ruwa ya taho daga inda ido ya gaji,
ya yi tuntuɓe da shi, ya tashi tsaye,
ya naɗe kamar tabarma bayan an sallame,
kai kuma kana cikin naɗin,
a durƙushe, yatsu na shafar koren bango,
numfashi uku,
huɗu in kana da rabo.
Mai gaggawa, dutsen ya sa masa hannu.
Ga nawa nan a ƙwauri.
Maƙwabta sun ce wuƙa ce, faɗan bariki.
Na bar su a haka.

Gulbi ya iso daren Laraba, cikin Agusta,
ja kamar kunun kanwa,
ɗauke da karan dawa, da takalmi wari guda,
da rabin dangar wani.
Da asuba na juye kuɓewar a kwando,
na saɓa allon, na gangara fadama.

Teku tana aiko da ruwa ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai bin bashi mai kunya.
Gulbi gaba ɗaya yake zuwa,
kuma ba ya waiwaye.
Amma gindin gada, inda ya yi karo da siminti,
ya yi tozo.

Na kwanta bisa allon ina jira, yadda aka koya mini.
Sau bakwai ya tofar da ni.
Laka a hanci, laka a kunne,
masu wankin babura suna tafi.

Sai ga wani ɗan tsurut bisa jarka ruwan ɗorawa,
Ɗan Ladi wai sunansa, jikan mai lambun albasa.
Ya ce, "Baba Tsahiru, jiran me kake?
Wannan ba zuwa take ba.
Tana nan tun dare.
Kai ne ba ka je ba."

Na je.

Ƙafar hagu gaba, gwiwa a sake,
allon ya yi rawa, ya tuna aikinsa, ya natsu.
Na tsaya cik wuri guda
ruwan Jibiya duka na gudu a ƙarƙashina.
A can ni ke tafiya, tsibiri na tsaye.
Nan kuwa ga gada, ga mangwaro, ga hayaƙin Maradi,
ba wanda ya motsa a cikinmu.
Ban ƙirga numfashi ba.
Na dai ji ladan ya kira, ya gama,
ina nan.

Na shigo gida bayan la'asar ina ɗiga.
Inna ta dubi ƙwaurina, ta dubi allon.
Ba ta tambayi komai ba.
Ta turo bokiti da ƙafa:
"Wanke mini faifaina.
In rana ta fito gobe, akwai tattasai."