Tiyub Uku da Kogin Kubanni

A rumfar Barau mai faci muka ƙulla zancen,
ranar da ruwan Agusta ya tsare mu a Kwangila.
Jazuli ya tsuguna, ya zana kogin da tsinken tsintsiya:
nan Samaru, nan Tudun Jukun, nan gada,
nan kuma inda Kubanni ke sallama wa Galma.

Tiyub huɗu na tirela muka nema.
Barau ya ce uku gare shi, na ukun ma tari yake yi.
Ya danna shi cikin baho,
kumfa ta taso ta wuri bakwai.
Ya ce, "Wannan ya sha hanya,
ya je Ikko sau ɗari, bai taɓa jiƙa ƙafa a teku ba.
Ku kai shi ya ga ruwa kafin ya mutu."

Habila ɗan Wusasa ne magatakarda.
A bayan kwalin sukari ya jera:
igiyar rijiya, gora ta tokare gaɓa,
dafaffen rogo da ƙuli, a ƙulle leda biyu.
Waya kuwa kowa ya bar wa ƙanensa,
sai Mudan, da zai bi mu ta tudu da babur
yana ɗauke da busassun riguna.

Muna so mu ga garin nan ta ƙasa,
mu ga cikin gadar da kullum muke taka bayanta,
mu wuce ta bayan gidaje, inda shanya ke kaɗawa,
inda masara ta tsaya da ƙafa cikin laka,
masu wankin babur su ɗago kai,
'yan Tudun Wada da 'yan Sabon Gari
su yi mana dariya daga gaɓa biyu.

Laraba muka je duba hanya.
Ruwan ja ne wur, kamar shayin da aka hana madara,
yana tafe da reshen dalbejiya, da silifa ɗaya,
da wata jarka mai juyi ita kaɗai.
Wani dattijo mai ɗibar yashi ya karɓi kwalinmu,
ya duba, ya juya shi, ya miƙo.
"Kogi bai iya karatu ba, samari.
Ku bari ya huce. Ku dawo in an fara yankan gero,
ku zo da wanda ya san ramukansa."

Jazuli ya yi tsaki har bakin titi.
Habila ya soke kwanan wata, ya rubuta wani.

Ni dai ban ce uffan ba.
Ni na kawo shawarar tun farko,
ni na fi kowa ɗaga murya a rumfar,
kuma har yau ban faɗa musu ba
cewa ruwan da ya wuce gwiwa ban taɓa shigarsa ba.

Tiyub ɗinmu na can rataye a ƙusar Barau,
ya sha faci bakwai.
Duk safiya in na wuce, sai in matsa shi da yatsa,
in ji ko iskar tana nan.