Ranar da Aka Kwance wa Inno Ido

Talata aka cire mata yana,
Laraba aka kwance auduga.
Ta ƙyafta, ta sake ƙyaftawa, ta ce, "Arzika,
ashe hurhura ta kama ka?
Tada kekenka, ka gwada min gari."

Shekara tara tana lalube a Gwadabawa,
tana gane baƙo da tarinsa,
tana gane hantsi da zafin bango.
Ni kuwa mai ya yi tsada, fasinja na jira a Gawon Nama,
amma wa zai ce wa ƙanwar uwarsa bari?

Hubbare muka fara.
Ta tuɓe takalmi tun daga nesa,
rairayi na gasa tafin ƙafa, ba ta ɗaga ba.
Mata sun zo ziyara daga Ƙonni, daga Yawuri,
ita sai ta sami gefe ta rufe idon.
Na ce, "Inno, don ki buɗe su muka sayar da tunkiya."
Ta ce, "Wanga ba da ido aka ganin shi ba, wuri."

A ƙofar fada ba ginin ta duba ba.
Wani dogari ne ya gitta da rigarsa,
ta damƙe min kafaɗa har na taka birki.
"Ja! Wallahi na mance ja!"
Ta yi ta dariya, mutane na waiwaye,
har muka fita Kanwuri.

Gidan tarihi da sanyi, da shiru.
Takubba, sulke, wasiƙun ajami cikin gilashi.
Ta bi su a hankali har ta iso dutsen niƙa.
"Wanga aka biyan kuɗi a gani?
Nawa na bayan ɗaki, kaji na kwana bisa,
kuma ya hi wanga tauri."

Shiyar Madunka hancinta ya riga idonta,
warin bagaruwa, warin jima.
Ta tsaya kan wani yaro mai ɗinka zabira,
tana bin basilla da kallo, shiga, fita,
kamar mai ƙirga ɗiyan da suka dawo daga tafiya.
A Kara ta taya jar akuyar da ba za ta saya ba,
ta buɗe mata baki, ta kushe haƙora,
ta bar dillali yana zuba kirari.

Azahar ta wuce, rana ta zauna a kan kwano.
Muka sha fura a Ƙofar Kade,
na ce mu koma, likita ya hana haske da yawa.
Ta ce, "Saura guda."
Na lissafa mata Giginya, na lissafa sabuwar kasuwa.
Ta girgiza kai. "Kwalkwalawa. Kuma ban son sauri."

Rima na kwance da la'asar,
fadama kore shar da albasa,
balbelu sun sauka bayan shanu,
wani masunci na jefa birgi.
Ta sauko da kanta, ba ta nemi hannuna ba.
"Nan Labbo ya ƙetare da ni bisa gora,
ni da ƙwaryar nono, ruwa har wuya,
shina rantsuwa ba ya jin tsoro,
haƙoransa na kaɗawa."
Ta yi shiru.
Labbo ya rasu tana cikin duhu,
ba ta ga likkafaninsa ba, fari.

Motoci na wucewa bisa gada suna mana oda.
Ban ci ko sisi ba ranar nan.
Ta goge idon da bakin gyale, wanda likita ya hana,
ta hau baya, ta gyara zama.
"Gobe ka kai ni inda aka sai da madubi," ta ce,
"akwai wata tsohuwa da nika son gani tun da wuri."