Jan Biron Malam Gwadabe

Ranar Laraba aka kira ni sama,
ofishin da fankarsa ke kuka kamar tsohon keken ɗinki.
Malam Gwadabe ya baje kasafin baɗi a kan tebur,
jan biro maƙale a kunne,
ya ce, “Tasi'u, kowa a gidan nan shigo da kuɗi yake.
Kai kaɗai ne mai fitar da su.”

Ban tanka ba tukuna.
Ta taga ina hango Kwari tana tafasa,
'yan dako sun duƙa ƙarƙashin dilolin atamfa,
kowa ana ganin gumin aikinsa.
Nawa gumin yana cikin bango,
cikin wata waya shuɗiya da ba mai gaishe ta.

Ya dangwala yatsa. “Wannan fa?
Lasisin manhajar sa-ido.
Ido a kan me, alhali komai lafiya lau?”

Na ce, Malam, ai lafiyar ita ce hajata.
Ba ta zuwa a dila, ba a auna ta da yadi,
shi ya sa ba ka ga rasit ɗinta ba.

Ka tuna Talatar nan ta bara,
saura kwana shida Sallah, kafin mu sayi manhajar?
Ɓera ya ci wayar da ta haɗa mu da siton Sharaɗa.
Awa uku da minti arba'in muna lalube.
Hajiya Indo ta taso tun daga Maraɗi,
ta nemi dila goma sha biyu,
kwamfuta ta kasa faɗin ko muna da su.
Ta gyara mayafi, ta tsallaka layi,
har yau a can take saye.
Motoci biyu tsaye a rana,
direbobi na cin goro da kuɗinmu.
Na zauna na buga lissafin yinin nan:
ya biya lasisin shekara huɗu, har da canji.

Wannan ka tuna, don ya yi ciwo.
Ga waɗanda ba ka sani ba:
sau goma sha ɗaya bana wayata ta tashe ni tsakar dare,
batir ya fara sanyi,
ɗakin uwar garke ya ɗau zafi,
na tada babur daga Ɗorayi, karnuka na rakiya,
na ɗaure abin da ke shirin tsinkewa.
Da safe kuka ɗaga ƙofa, kuka yi bismilla,
ciniki ya shigo kamar ba a yi komai ba.

Littafinka ba shi da gurbin asarar da ba ta zo ba.
Ba a fafe gora ranar tafiya, Malam,
ni kuwa fafar gora aka ɗauke ni yi.

Ya yi shiru. Fanka ta ci gaba da ɗinki.
Ya zaro biron,
ya soke sabuwar kwamfutar da na roƙa,
ya soke kwas ɗin Legas,
ya zo kan lasisi da batira, biron ya tsaya a iska,
ya mayar da shi kunne.

Na kai bakin ƙofa ya ce, “Tsaya mana.
Duba min wayar nan,
tun safe ta ƙi kama sabis ɗin ofis.”