Saba Biyu da Ba Su Saba Ba

Ƙarfe sha ɗaya na dare, Tarauni ta yi tsit,
sai janareton asibiti da ke tari a bayan katanga.
Ni kaɗai a ɗakin na'urori, da rigar sanyi a watan bazara,
tsakanin saba biyu da ba su saba ba.

Ta hagu ke ɗaukar fuska da murya,
ta dama ke cewa wa zai kira wa, kuma ta ina.
Taku uku ne tsakaninsu, shuɗiyar waya ta haɗa su,
amma ta dama ta kafe: ban san ki ba.
Kawo shaida.

Gobe da takwas Dakta Uwani za ta zauna gaban allo,
ta nuna hoton zuciyar wani yaro ɗan Gwammaja
ga wani likita a Alƙahira.
Sunan yaron, ciwonsa, kukan uwarsa in ta yi,
duk ta wannan waya za su bi.

Munzali ya kira daga gida, ina jin ƙarar cokali a kwano:
"Akwai ɗan akwati a shafi na uku, cire alamar,
sai su daina tambayar juna. Je ka kwanta."
Na ga akwatin. Na ɗora kibiya a kansa.
Na daɗe.

Kakana fatoma ne a Kurmi.
In baƙo ya sauka da fata ko kanwa,
ba ya fara da nawa ka kawo,
sai wa ya aiko ka.
A miƙo wasiƙa, ba rubutun yake bi ba,
hatimin yake kaiwa bakin zaure inda haske yake,
ya juya, ya ce na san mai wannan zobe,
shigo, a kawo ruwa.
Marar hatimi shi ma zai sha ruwa,
sai dai ba zai ga inda ake ajiya ba.

Na janye kibiya.

Na sa kowacce ta ƙera mabuɗi biyu,
ɗaya na nuna wa duniya,
ɗaya ba ya barin cikinta har ta mutu.
Na rubuta takardar roƙo da cikakken suna,
harafi bayan harafi, kamar mai cika fom ɗin fasfo,
don ɗigo ɗaya ya kauce, wata ce daban.
Mai hatimi ya buga.
Na ba ta hagu shaidarta, na ba ta dama tata,
na koya musu kamannin hatimin
har zuwa tushen da ya haifi sauran.

Na ce, to, ku gaisa.
Jan rubutu. An ƙi.

Wani sauro ya samu hanya ya shigo,
shi bai nuna wa kowa takarda ba.

Sai wajen ƙarfe biyu na gano.
Ranar da aka ɗauke wuta, batirin agogon ta dama ya mutu,
ta koma shekara goma baya ta zauna.
A wurinta, takardar da aka buga yau
ba a ma haife ta ba.
Ga gaskiya a hannunta tana ƙaryatawa
don ba ta san yau wace rana ce ba.
Na yi dariya ni kaɗai. Na san mutane haka.

Na saita agogo.
Ta hagu ta miƙa, ta dama ta duba suna, wa'adi, hatimi,
ita ma ta miƙa tata aka duba,
sannan suka rage murya,
suka shiga wani yare da suka ƙaga yanzu-yanzu,
wanda ko ni da na haɗa su ba na ji.
Kore.

Na yagi takarda na manna a ƙofar kabad:
wa'adi shekara guda.
Yarda ma tana tsufa,
a sabunta ta tun tana numfashi.

Da na fito, Inuwa mai shayi yana hura wuta a kwana.
Aljihuna ba ko sisi.
Ya zuba, ya ƙara madara, ya ce ka kawo gobe.
Shekara shida ke nan yana karanta fuskata.