Hayar Kunne

Da hantsi Bra Ciroma ya kawo ta,
ja, gajera, cikinta na lasar ƙasa.
Sai da muka shimfiɗa katako biyu a bakin garaji
kafin ta yarda ta shigo.

Ya ce, "Malam Mutari, ta kunyata ni.
Daga Birni zuwa Kasuwar Dole
duk inda na taka birki sai ta tsala ihu.
Ƴan kabu-kabu na waiwaye suna dariya,
jiya wani mai kilishi ya ce in ba ta nono ta yi shiru."

Na gyaɗa kai. Abin da ban faɗa masa ba:
shekara talatin da ɗaya ina dukan ƙarfe,
guduma ta cinye mini rabin ji.
Ina jin gurnanin kamyo, ina jin ladan,
amma siririn sauti, irin na sauro da gyare,
ya daɗe da yi mini sallama.

Na kira Nomau, yaron da ke wanke mana sifana.
Na ce, tsaya nan, kar ka motsa.
Bra ya ja baya, ya taho, ya taka.
Fuskar yaron ta yamutse
kamar ya tauna ɗanyar tsamiya.
To. Na ji.

Muka ɗaga ta, muka kwance taya.
Faifan ya kai faɗin tiren baƙi,
an hudhuda shi don ya sha iska.
Filaket ba su ƙare ba, sheƙi suka yi,
santsi irin na duwatsun bayan gari
inda wandunan yara suka goge shekara da shekaru.
Don wuta aka ƙera su,
don a sauko daga ɗari biyu cikin numfashi ɗaya,
shi kuwa kullum lallaɓa su yake
bayan amalanken jaki mai jarkokin ruwa.

Na kankare sheƙin da takardar yashi,
na bi gefe da magagari, na kashe kaifin.
Sandunan da ke zamewa rairayi ya cushe su,
muka wanke, muka busar a kan buhu.
Sai man jan ƙarfe, ɗan kaɗan, kamar kwalli,
a baya. A baya kawai, Nomau!
Wanda ya shafa shi a fuskar birki
kabari ya haƙa wa mai mota.

La'asar sakaliya muka hau hanyar Tanut.
Na ce, kai ta ɗari, ka danne har ashirin,
kar ka tsaya cak, sake ta, ƙara.
Sau goma.
A na shida ƙauri ya cika mana hanci,
hulata ta faɗa ƙarƙashin kujera,
Nomau a takure a baya yana salati yana dariya.
Sannan muka bar ta ta huce da tafiya,
wani makiyayi ya bi mu da kallo har muka ɓace.

A bakin garaji Bra ya taka.
Ban dubi taya ba, yaron na duba.
Fuskarsa lumui, kamar ruwan randa.

"Ka ji? Shiru!" in ji Bra.
Na ce, na ji.
Na ce, amma in ka koma lallaɓa ta za ta koma kuka,
kai ta daji duk Juma'a ta yi zufa.
Ya ƙirga jika ashirin ya miƙo,
kuɗin abin da nake kwana da shi kyauta.

Na zare biyu na ba Nomau.
Ya ce, na mene ne?
Na ce, hayar kunne.

Da dare ina tura ƙofar gida
Falmata ta ɗago kai daga tsintar shinkafa:
"Mai gyaran kukan motar mutane,
wata uku ke nan ƙyauren nan na kuka."