Tukunya da Akushi a Bar Mana

Tun da yatsun Lantana suka fara gardama,
ba sa lanƙwasuwa da safe sai an gasa su da ruwan ɗumi,
Sagiru ya bugo waya daga Fatakwal:
"Baba, na turo kuɗi, a saya wa Inna injin wanke-wanke."
Na ce to.
To ai ba ta da nauyi a baki.

Ran Talata muka tari Napep zuwa Ƙofar Ƙaura.
Shagon sanyi kamar cikin randa.
Ga su nan a jere, farare da ruwan toka,
kowanne ya tsuke baki kamar baƙo a gidan surukai.

Yaron shagon, Mudassiru, harshensa ya sha mai:
"Wannan ɗan Turkiyya ne, Alhaji,
faranti sittin a tashi ɗaya."
Na ce, yaro, mu biyu ne a gidan,
sai kyanwa, ita kuwa da kanta take lashe nata.

Lantana ko kallon farashi ba ta yi ba.
Ta buɗe shi ta leƙa, kamar mai duba haƙoran rago.
"Ruwa nawa yake sha?"
"Bai kai rabin jarka ba."
"Famfonmu fa sai Litinin da Juma'a yake tunawa da mu."
"A haɗa shi da tanki."
"In an ɗauke wuta yana tsakiyar aiki?"
"Zai jira, Hajiya."
Ta ce, "Ashe ya fi wasu haƙuri."
Na mai da ido kan fankar sama.

"Ƙanzon tuwo fa?"
Yaro ya sosa ƙeya. "Sai an jiƙa an kankare."
"Akushin da uwata ta ba ni a Mashi?"
"Zai tsage."
"Ƙwaryar fura da ludayinta?"
"Kada ma a gwada."
Ta yi dariya har mayafinta ya zame:
"Ɗan boko ne kenan, tangaran kaɗai ya sani."

Abin da yaron bai sani ba, Sagiru ma bai sani ba:
tun da na ajiye alli, shekara shida ke nan,
bayan isha'i, a gindin darbejiya,
ita ke cuɗawa da soso, ni ke ɗauraya,
ƙofar zaure a kulle
kada labari ya riga ni zuwa majalisa.
A nan na fara jin ta so zama unguwarzoma ta asibiti.
A nan ta gaya mini ba ta huce ba
da gonar Batagarawa da na sayar ban tambaye ta ba.
Magana ta fi sauƙin fita a bakin baho,
don ido na kan kumfa, ba ya kan ido.

Na tsaya gaban babban ina lissafi da baki:
ƙarfin solar gida, sabulunsa na daban,
in ya lalace mai gyara sai Kano.
A cikina kuwa wani lissafin nake,
wanda ba ya hawa rasit.

Can lungu ta hango ƙaramin,
ɗan cukul, kamar tsohuwar talabijin,
wanda ake zuba wa ruwa ta ka.
Ta ɗora masa hannun nan mai ciwo.
"Wannan. Ya ji da kofuna, da farantai, da cokula.
Tukunya da akushi a bar mana."

Mana ta ce.
Mudassiru na ta neman biro, bai ji ba.

Yanzu da dare yana can kicin yana ƙugi shi kaɗai.
Mu muna waje da tukunya ɗaya.
Ni ke kankarewa, an yi mini ƙarin girma,
ita tana tsiyaya ruwan ɗumi daga buta
tana nuna mini inda na tsallake.
Tukunya ɗaya tal,
amma jiya sai da muka kai goma da rabi.

Sagiru ya bugo: "Baba, ya injin?"
Na ce yana aikinsa.