Ƙidayar Riguna

Shekara ashirin ina cin abinci a filin nan,
ban taɓa ganin ƙwallo ta taɓa raga ba.
Ɗakina yana ƙarƙashin kujerun 'yan kallo:
injin wanki huɗu, taga ɗaya mai kallon takalman mutane.
In mun ci, rufi ke gaya mini,
siminti ya yi gurnani, fenti ya zubo cikin shayina.
In an ci mu, sai in ji tsuntsayen teku sarai,
kamar babu mutum dubu sha biyar a bisa kaina.

A Agusta muka shiga rukunin manya,
mu 'yan garin kifi, masu ƙarnin gishiri.
Mai gidan burodi ya shafe ƙofarsa da shuɗi.
Erwan, mijina, ya sha cewa ba zai ga ranar ba.
Shekararsa uku a maƙabartar kan tudu.
Bai saba ƙarya ba dama.

Wasa biyar, maki ɗaya.
Ba sai na sayi jarida ba, kwando ya ishe ni.
Rigar Quéméner mai tsaron gida
laka har wuya, gwiwar hannu a yage,
na 'yan gaba kuwa fes,
kamar daga coci suka fito.

A Nuwamba masu kuɗi suka zo
cikin bas mai baƙin gilashi,
suka zuba mana shida ba ko ɗaya,
suka bar ɗakin canji yana ƙamshin turare.
Kwana uku ina jin sa a tawul.

Kafin Kirsimeti aka sallami koci Kerbrat.
Ya sauko da ƙafarsa, ya miƙo rigar sanyi:
"Ghislaine, akwai alewar tari a aljihu,
ki cire kafin ki jiƙa."
Na cire. Tana nan cikin gwangwanin maɓallai.

Sabon ya zo da allo da kibiyoyi.
Janairu, ƙanƙara, kunnen doki sau uku,
sai wani daren Juma'a rufi ya girgiza har sau biyu.
Fenti ya faɗa mini cikin miya,
na sha abata, ban tsame ba.

Akwai riga mai lamba talatin da ɗaya,
ta Tanguy, ɗan mai ɗinkin koma a bakin tasha.
Wasa talatin da uku tana dawo mini
a ninke, yadda na ninke ta.
Ina wanke ta duk da haka.
Zaman benci ma yana da nasa gumin,
sai dai ba ya fitowa a yadi.

Ranar ƙarshe, Mayu, iska daga teku.
Ko mu ci, ko mu koma inda muka fito.
Na kashe injuna duka huɗun,
na zauna kan kwandon da babu komai.
Shiru.
Tsuntsaye.
Shiru mai tsawon minti tamanin da tara,
sannan rufi ya tsage da ihu.

Ban tashi ba.
Rufin nan ya taɓa yi mini ƙarya a Maris,
alƙali ya soke, na riga na yi rawa.
Na jira kwando.

Da ya sauko, yana ɗigar giya da ciyawa,
na ƙirga kamar kullum, ina kiran lamba:
ɗaya, huɗu, tara, sha bakwai, ashirin da biyu.
Na sake ƙirgawa.
Na zazzage shi ƙasa, na duba cikin safa.
Talatin da ɗaya babu.

Sai da safe mai shara ya ce mini
yaron ya tuɓe ta a guje,
ya wurga wa wani tsoho mai hular masunta,
alƙali na bin sa da kati.

Na buɗe littafin kaya, na rubuta:
riga ɗaya ta ɓata.
Ofis za su tambayi wanda zai biya.
Na sa sunana.